Yadda Delmar Mai Aski Ya Gyara Dokar Jiha

A garinmu Pellam an yi wani mai aski, sunansa Delmar Hatch. Na ce an yi, amma yana nan da ransa, ko makon jiya na gan shi a bakin gidan waya, in dai ba wancan makon ba ne. Shekara talatin da wani abu shi kaɗai ke riƙe da almakashi a garin, tun daga gadar jirgin ƙasa har rumbunan alkama. Wanda bai so askinsa ba sai ya tuƙa mota mil arba'in zuwa hedikwatar gunduma, shi ya sa kowa ya haƙura. Delmar kuwa ya ɗauki haƙurin nan a matsayin yabo.

Bakinsa ya fi hannunsa aiki. In ka zauna a kujerarsa sai ka ji yadda ya taɓa yi wa direban wani gwamna aski, gwamnan ya gani ya yi ta aike, shi kuma yana cewa ba shi da lokaci. Sai ka ji yadda ya yi karatun aski a babbar makaranta a birni ya fito na ɗaya. A bango akwai wata takarda cikin gilashi mai tambarin zinariya, yakan nuna ta da tsinin almakashi. Ni da na yi shekaru ina koyar da tarihi a kwalejin gunduma, ɗabi'ata ce in karanta duk abin da aka rataye, don haka na san ta wani kamfanin man gashi ce, shaidar ya halarci bita ta kwana uku. Askin dai a wajen surukinsa ya koya, tsoho Kessler, wanda ya ba shi 'yarsa Lorna, ya kuma bar masa shagon. Amma Delmar ya daɗe yana ba da labarin makarantar nan har ya fara tuna sunayen malamanta.

Rikicin ya faro ne lokacin farautar barewa, da wata wasiƙa daga hukumar da ke ba masu aski lasisi a babban birnin jiha. Duk bayan 'yan shekaru sukan sabunta ƙa'idojinsu, su aika wa kowane mai lasisi kwafi, su buɗe ƙofa na wasu makonni kowa ya faɗi ra'ayinsa. Yawanci Delmar goge aska yake yi da irin waɗannan takardu. Wannan karon wani da ke jiran layi ya rasa abin karantawa, ya ɗauka ya karanta shafi na biyu a bayyane. Wai ɗaliban sakandare da ke zuwa ajin aski na kwaleji da rana, daga yanzu awanninsu za su yi musu aiki biyu: su shiga takardar gama sakandare, su kuma shiga cikin awa dubu ɗaya da ɗari biyar da ake nema kafin a ba mutum lasisi. Ke nan yaro ko yarinya na iya fita daga sakandare da lasisi a hannu. 'Yan Pellam shida ne a ajin.

Delmar ya tsayar da injin a tsakiyar kan mutum. Ya leƙa titi ta gilashi kamar ya riga ya ga shaguna shida a jere. Nan take ya rantse wa duk wanda ke shagon cewa dokar nan ba za ta ga sabuwar shekara ba, shi zai binne ta, kuma sai hukuma ta zo Pellam da ƙafarta ta ba shi haƙuri.

Ya kwashi takardun ya kai gida, ya baje su a teburin kicin. A cikin tsofaffin ƙa'idojin ya ci karo da sakin layi na tara, wanda ya yarda mutum ya riƙe lasisi ba tare da ya cika awannin makaranta ba. Layi biyu na farko kawai ya karanta ya buga tebur, ya ce ga ƙofar da ake son shigo da yara ta baya, shi kuma zai toshe ta. Lorna tana feraye dankali. Ba ta ɗago ba ta ce masa wannan sakin layin ba na yara ba ne, na waɗanda suka koya a hannun tsofaffi ne kafin a canza tsari, kuma babanta da kansa ya cike masa takardar a kan teburin nan. Delmar ya ce mata ita ta san dankali, shi ya san doka. Ta ce to, ta ci gaba da ferayarta. Ita Lorna ba ta maimaita magana.

Ƙa'ida ce a jiharmu, in mutum ashirin da biyar suka nema a rubuce, da sunansu da adireshinsu, dole hukuma ta zauna ta saurari jama'a ido da ido. Delmar ya ce shi mutum ɗari biyar zai kawo. Ya ajiye takarda a kan kanta kwana uku, mutum biyu suka sa hannu, ɗaya ma ya ɗauka rajistar cin kyautar talotalo ce. Sai Delmar ya sake dabara. In ka zauna ya ɗaura maka zane a wuya, sai ya aske gefe guda ƙwal, ya kashe inji, ya miƙo maka biro.

Fasto Lindgren yana da ɗaurin aure ƙarfe biyu, ya duba madubi ya duba agogo, ya sa hannu yana karanta wani abu a ƙasan maƙoshi da ban tsammanin addu'a ce. Mataimakin shugaban 'yan sandan gunduma ya sa hannu, ya ce zai tuna da wannan duk ranar da ya ga motar Delmar a gaban famfon 'yan kwana-kwana, inda aka hana ajiye mota. Da aka zo kan Tuck Holloway mai kiwon shanu da tumaki sai aka samu cikas, don 'yarsa Tess tana cikin shidan nan.

Tuck ya ce, "Delmar, ƙarasa min askina."

Delmar ya ce, "Sa hannu in ƙarasa."

"In sa hannu a kori 'yata daga aji? Kai, lafiyarka kuwa?"

"Don mutuncin sana'a ne, Tuck."

"Wace sana'a? Ni ma haka nake yi wa tumaki, kuma ba su taɓa fita da jini ba."

Tuck ya cire zanen ya ninke shi da kyau ya ajiye, ya kifa malfarsa ya fita da rabin kai. Ranar Lahadi ya zauna a coci da malfar a kansa, duk da maza kan cire tasu a ciki, fasto ya kau da kai, don ya san dalili.

Da aka aika sunayen, hukuma ta dawo da su ta ce saura ɗaya. Mutum uku sun faɗi. Ɗaya yana kwance a maƙabartar bayan coci tun kafin a yi wa titin kwalta, ɗaya ya sa hannu sau biyu don gashinsa na saurin fitowa, na ukun kuwa, Buster, da aka bincika kare ne. Maza kuma sun daina shigowa, ka ga mutum ya zo daidai shagon ya tsallaka titi. Dole Delmar ya koma gida da takardarsa ya tsaya a kan Lorna. Ta goge hannu ta sa masa hannu, ta ce ita ma tana so a zauna, tana so garin ya ji da kunnensa. Delmar ya fito yana gaya wa mutane har matarsa ta gane gaskiya.

Daga nan ya ce sai hujja. Ya samu ƙanin Lorna, Rudy Kessler mai gyaran tarakta, ya ce ya je kwaleji ya zauna yaran nan su yi masa askin kyauta da suke yi wa mutane ranar Alhamis, in sun ɓata kan a ɗauki hoto a nuna wa hukuma. Rudy ya ce shi kansa ya riga ya saba da wahala, ya tafi. Da la'asar ya dawo ya shiga gidan abincin Marge inda muke shan kofi. Marge ta zo da 'yar takardarta ta tambaye shi baƙo me za a kawo masa. Sai da ya yi magana ta gane shi. Aka zagaye shi ana kallo. Shekara talatin garin nan ya yarda cewa 'yan gidan Kessler kunnensu na hagu ya fi na dama tsawo, har akwai masu cewa gado ne daga wajen uwa. Ashe kunnuwan Rudy daidai suke. Sai maza suka fara satar kallon ƙeyar juna, kowa ya ga ta ɗan'uwansa ta karkata hagu kamar rumfar da iska ta buga. Ni ma da na koma gida na sa madubi biyu na duba tawa. Delmar ya shigo da kyamara a wuya, ya ga kan Rudy, ya ce wannan askin 'yan daudu ne, karkatar nan kuwa salo ne da ake koyarwa a birni, sai wanda ya yi karatu mai zurfi. Bai ɗauki hoton ba.

Wasiƙar da zai kai wa hukuma ni ya kawo wa in gyara masa lafazi. Shafi goma sha ɗaya ce, tara daga ciki tarihinsa ne. A na ƙarshe ya nemi a soke sakin layi na tara gaba ɗaya, duk mai riƙe aska a jihar nan ya nuna shaidar makaranta ko ya ajiye, babu sani babu sabo. Na karanta sakin layin har ƙarshe, na ga abin da Lorna ta gani. Washegari na tafi shagon musamman don in gaya masa, na zauna, ya yi min aski, muka yi hirar farashin alkama, na dawo gida. Ina cire takalmi na tuna abin da ya kai ni. Na koma na gaya masa.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Emmett, kai da jiya aka taya ka neman motarka a gaban banki alhali da ƙafa ka zo, kai za ka koya min doka?"

Gaskiya ne an yi haka.

Ya ce wasiƙa irin wannan ba a ba gidan waya, da hannu ake kai ta, manya su ga fuskar mai ita. Ya sa kwat ɗin aurensa wadda maɓallinta ɗaya kawai ke shiga, ya ɗauki Rudy don ya riƙe masa jaka, suka yi awa shida a akori-kurarsa. Bai duba kalanda ba. Ranar tunawa da tsofaffin sojoji ce, duk ofisoshin gwamnati a rufe. Garin neman hanya ya kauce wa wani shinge ya faɗa babban titi, sai ga shi a tsakiyar jerin gwano, masu badujala a gabansa, motar kashe gobara a bayansa, ba gaba ba baya. Jama'a a gefen titi suna kaɗa 'yan tutoci. Delmar ya sauke gilashi ya fara ɗaga musu hannu. Wata tsohuwa ta miƙo masa fure ta gode masa da hidimar da ya yi wa ƙasa, ya karɓa ya ce ba komai. Rudy ya ce shi dai ya zame ƙasan kujera har aka kai ƙarshen titi. Wasiƙar kuwa ta ƙarƙashin ƙofa suka tura ta, mai gadi yana kallonsu yana cin burodi.

A Pellam Delmar ya ba da labari cewa birni ya fito tarbarsa da kaɗe-kaɗe. Rudy yana biye da shi tebur tebur a gidan Marge yana ba da nasa.

Aka sa ranar zama cikin Disamba, ƙarfe uku na rana, a ɗakin ƙwallon kwando na sakandare. Ranar an yi dusar ƙanƙara har gwiwa, amma ban taɓa ganin ɗakin ya cika haka ba ko ranar wasan ƙarshe. Marge ta rufe gidan abinci ta zo da tulun kofi. A ƙarƙashin ragar ƙwallo aka jera tebur. Shugabar hukuma, Madam Odell, wata dattijuwa mai gyaran gashi da tabarau a kan hanci, tana tsakiya. A damanta lauyan hukuma, Mista Pruitt, mutum siriri mai magana a hankali. A gefe wata mata tana buga duk abin da aka faɗa a na'ura, don maganar irin wannan zama ba ta faɗuwa ƙasa. Madam Odell ta bayyana tsari: kowa minti uku, koriyar fitila ka fara, rawaya ka taƙaita, ja ka zauna.

Delmar ne na farko a takarda, don tun tsakar rana yake tsaye a bakin ƙofa. Ya gyara makirufo, ya gaida shugaba, ya gaida lauya, ya gaida mai buga na'ura, ya gaida magajin gari da bai zo ba. Ya shiga tarihin haihuwarsa. Yana gab da isa wajen direban gwamna fitila ta yi ja. Ya ci gaba, aka kashe makirufo, ya yi ta motsa baki kamar kifi a cikin kwalba. Ya juyo ya nemi wanda zai ba shi lokacinsa. Rudy ya miƙe ya ce ya ba shi nasa minti ukun da zuciya ɗaya, don rabonsa da nishaɗi irin wannan tun ranar da bijimi ya shiga banki. Delmar ya ƙarar da su wajen musanta cewa ƙeyar kowa ta karkata.

Sai aka kira Malama Ines Barela, mai koyar da ajin aski a kwaleji. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce yaran nan da yawansu ba su da halin tafiya birni karatu, wannan ce hanyarsu ta samun sana'a ba tare da sun bar gida ba. Ta roƙi a bar ɗaya daga cikinsu ta nuna abin da suke koya a sauran lokacin. Tess Holloway ta fito, 'yar shekara goma sha bakwai, da farar riga. Aka hura balan-balan aka shafe shi da kumfa, kamar yadda ake yi wa duk mai koyo kafin a bar shi ya kai aska wuyan mutum. Ta buɗe aska ta bi shi a hankali, sama zuwa ƙasa, ta goge, ta sake, har ya fito tas yana ƙyalli. Ta rufe askar fitila tana rawaya. Tuck ya cire malfarsa ya yi tafi da ita a gwiwa.

Delmar bai jira an kira shi ba. Ya taso yana cewa wannan wasan bikin yara ne, shi zai yi shi ido a rufe. Madam Odell ta ce lokacinsa ya ƙare, amma ɗakin ya ɗauki gunaguni, ta duba Mista Pruitt, shi kuma ya ɗaga kafaɗa. Aka hura wani aka shafa kumfa. Delmar ya zaro tasa askar daga aljihun kwat, ya ce a matso da teburin kusa da shugaba don ta ga aikin gwani da kyau. Ya naɗe hannun riga, ya yi wa jama'a murmushi, ya ɗora.

Ƙarar fashewar balan-balan ɗin ta sa wani jariri kuka a can baya. Kumfar ta rufe tabaran Madam Odell, ta sauka a kan takardun lauya, kaɗan ta faɗa kofin kofinsa. Delmar ya ce an cika masa iska da gangan. Malama Ines ta ba shi wani ya hura da bakinsa, ya shafa kumfa da hannunsa. Wannan ko askar bai gama daidaitawa ba ya fashe. Madam Odell ta riga ta kare fuska da fayil.

Delmar ya ce shi ba mai askin roba ba ne, mai askin maza ne, a ba shi wuyan mutum. Ya juya wajen benci ya buɗe hannuwa ya ce duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya taso. Maza sun fi ɗari biyu a ɗakin, kuma babu wanda bai taɓa zama ba. Wasu suka shiga ɗaure igiyar takalmi, wasu suka ƙura wa allon maki ido. Fasto Lindgren ya buɗe littafin waƙoƙi. Delmar ya kira Rudy da suna.

Rudy ya ce, "Yaya, lokacina na ba ka, ban ce har da maƙogwaro ba."

Da dariya ta lafa, Mista Pruitt ya goge takardunsa da hankici ya ce yana da 'yar tambaya. Ya ce sun samu wasiƙar Mista Hatch a ƙarƙashin ƙofa, da sawun takalmi a kanta, sun kuma karanta ta duka. Game da ɗalibai ba su ga wata hujja a ciki ba. Amma shafin ƙarshe ya ja hankalinsu. Ya ce sun daɗe suna son taɓa sakin layi na tara, sai dai ba ya cikin abin da suka sanar za su gyara, kuma ba sa ƙara abu a kan sanarwa sai in wani daga cikin jama'a ya nema. Shekara da shekaru ba wanda ya nema sai yanzu. Yana so ya tabbatar, don a rubuta, ko Mista Hatch yana nan a kan bakansa.

Delmar ya ga ƙofar fita daga kunya ta buɗe. Ya gyara kwat, da kumfa a gira, ya matsa kusa da mai buga na'ura ya ce ta rubuta da manyan baƙaƙe: a soke shi, yau ba gobe ba, duk wanda bai shiga aji ba ya ajiye aska ko ɗan uban waye.

Mista Pruitt ya gode masa. Ya ce abin ba zai taɓa mutane da yawa ba, ya duba rajista, mutum huɗu ne kacal suka rage a jihar da ke riƙe da lasisi ta wannan hanya. Ɗaya ya rasu a bazara ba a cire sunansa ba. Biyu suna gidan kula da tsofaffi, su ake yi wa aski yanzu.

Delmar ya ce, "Na huɗun fa? Faɗi sunansa jama'a su ji. Wane ɓarawon zaune ne?"

Mista Pruitt ya duba takarda, ya duba Delmar, ya sake duba takarda. Mutum ne mai kunya. Daga benci na uku Lorna ta taimake shi, ba ta ko ajiye saƙar da take yi ba.

Ta ce, "Yallaɓai, kar ka wahalar da kanka. Ga shi nan gabanka da aska a hannu."

Na manta abubuwa da yawa na wannan shekarar, har da wanda ya ci zaɓen magajin gari, amma ina tuna yadda Delmar ya rufe askar nan a hankali kamar wanda ya aro ta. Ya ce yana so ya janye shafin ƙarshe. Madam Odell ta ce abin da ya shiga rubutu ya shiga, in yana da sabon ra'ayi ya rubuta sunansa a ƙasan takarda ya jira layi. Mutum goma sha tara ne a gabansa, kuma duk wanda ya tashi sai ya cinye minti ukunsa cif. Tuck ya ƙarar da nasa yana bayanin ciwon kofaton shanu. Ƙarfe biyar daidai Madam Odell ta buga guduma, aka rufe karɓar ra'ayi, saura mutum biyu a kai ga Delmar.

A watan Maris, ko Afrilu, sababbin ƙa'idoji suka fito. Awannin ɗalibai sun shiga lissafi. Sakin layi na tara ya tafi. Hukuma ta yi sassauci, ta ce wanda abin ya shafa ya ci jarrabawar aikin hannu cikin wata shida, in ya kasa ya yi awa ɗari uku a aji kafin a sabunta masa lasisi. Delmar ya ce jarrabawar nan zai koya wa masu yin ta aiki. A zuwan farko bai kai ga taɓa gashi sosai ba. Matajinsa ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya hure shi da baki, ya goge a wando ya mayar kan mutum, mai dubawa ya rufe fayil. A zuwa na biyu ya kiyaye tsafta, amma ƙa'ida ce ka zo da wanda za ka aske, Lorna ta lallashi Rudy ya bi shi, suka dawo Rudy da bandeji a kunne. Ba a yi na uku ba.

Yanzu kullum ƙarfe goma sha biyu da rabi motar makaranta mai ruwan ɗorawa takan tsaya a gaban sakandare ta ɗebi 'yan ajin aski zuwa kwaleji. Delmar ya nemi a ba shi kujera a ciki don ya huta da tuƙi, aka ce sai ɗalibin sakandare, don haka yake binta a baya da akori-kurarsa, mil arba'in zuwa, mil arba'in dawowa. In motar ta tsaya a mararrabar jirgi shi ma ya tsaya, yara suna ɗaga masa hannu ta gilashin baya. Shagon yana rufe har ya gama. Malama Ines ta ce yana ƙoƙari, sai dai surutu a aji, ta raba shi da na kusa da shi sau biyu.

Kar ku ɗauka bakin ya mutu. Ran nan a gidan Marge na ji shi yana tambayar wasu baƙi masu sayen shanu, a duk faɗin gundumar nan wa ya taɓa buɗe baki sau ɗaya jiha ta canza dokarta. Ya ce lauyoyi na shekara goma suna nema ba su samu ba, shi shafi ɗaya ya rubuta. Baƙin suka jinjina kai, ɗaya ya tambaya ko shi ɗan majalisa ne. Delmar ya gyara zama zai amsa, sai Lorna ta turo ƙofa ta ajiye masa 'yar jakar takarda a gabansa, ta ce ya manta abincin ranarsa, kuma ya tashi haka nan, in ya sake makara Malama ta ce sai ya zo da wani babba daga gida.